Sayen Doki Daban, Harawarsa Daban: Darasi Kan Gayyar Unguwa da Kuɗin Gwamnati a Harkar Sufuri

Da editan mujallar nan ya ce in cike shafin darasi na wannan fitowar, da farko na yi niyyar in yi mana bitar wani babi ne daga kwas ɗinmu na Akanta, tunda jarrabawa ta ƙarato. Sai na laluba aljihuna, na ga ai babin da ya fi damun yawancinmu yana nan ciki, wato kuɗin mota.

Daga unguwarmu zuwa makaranta hawa biyu nake yi. Na farko N300, na biyu N200, komawa ma haka. N1,000 ke nan a rana, N20,000 a wata idan na zo kwana 20. Duk mai karɓar kuɗin kashewa na bashin karatun NELFUND ya san N20,000 ɗin ce cif ake turowa a wata. Kun ga ke nan kafin mutum ya sayi handawut ko ya ci garau-garau, titi ya riga ya cinye. Akwai wani abokina a ajinmu da ya yanke wa kansa hukunci: duk ranar da lakca ɗaya ce tak, ba ya zuwa. Simestar da ta wuce saura ƙiris a hana shi zama jarrabawar wani kwas saboda bai cika kashi 75 na halartar aji ba. Wallahi yaron nan ba malalaci ba ne, aljihunsa ya duba.

Idan wannan magana ta taso a ƙarƙashin bishiya, ra'ayi biyu ake ji. Wasu su ce gwamnati ta riga ta manta da mu, mu haɗa kai mu taimaki kanmu kawai. Wasu su ce ba ruwansu da karo-karo, haƙƙin gwamnati ne ta yi. Abin da nake so mu koya a nan shi ne yadda ake bambance aikin da gayya za ta iya ɗauka da wanda sai baitulmali, da kuma dalilin da ya sa motar haya mai rahusa take cikin kashi na biyu.

Darasi na 1: Abin da gayya take iyawa

Gayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A ƙauye ana yin ta a noma da girbi da ɗaga jinka. A birni ta canza kaya ne kawai. A unguwarmu, kowace shekara kafin damina, mai unguwa yana sa a yi shela a masallaci. Ranar Asabar matasa mu fito da shebur da manjagara da baro, dattawa su sayo ruwan leda da ƙosai, kafin azahar an yashe kwata tun daga bakin layi har kwalbati. Da taransfomarmu ta ƙone, aka yanka wa kowane gida N2,000, cikin mako biyu wuta ta dawo. Haka 'yan sintiri, haka adashin iyayenmu mata.

Ku lura da abin da ya haɗa waɗannan ayyuka. Yawancinsu suna da farko suna da ƙarshe. Kowa yana ganin sakamakon da idonsa. Kuma an san juna, wanda bai bayar ba ya san an san bai bayar ba, kunya kaɗai ta isa ta fito da kuɗin.

Da aka cire tallafin mai a 2023, ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta ce bari ta gwada abin da ya fi wannan. Wani Alhaji mai kirki ya ba da rabin kuɗi, aka yi karo-karon sauran, aka sayo bas 'yar Kwatano mai kujera 18 don kai yara da ɗalibai makaranta a kan N100. Da yake an ji Akanta zan karanta, sai aka ba ni riƙon littafin shiga da fita. Watan farko kowa sai sa albarka. A wata na uku tayoyi biyu suka nemi canji. A na biyar direba ya ajiye makulli, ya ce abin da ake ba shi bai kai wanda zai samu a a daidaita sahu ba. A na bakwai injin ya buga, domin an yi ta ɗaga ranar juye ana cewa sai kuɗi sun taru.

Aka tura ni wurin Alhaji da takardar makanike. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Alhaji, jama'a ne suka ce in zo, ko za a sake taimakawa." Ya karanta takardar, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, ni doki na saya muku. Ban ce kullum zan riƙa kawo masa harawa ba." Ban ga laifinsa ba. Motar tana nan a gindin wata darbejiya, yara suna wasan ɓuya a ciki.

Darasi na 2: Kuɗi iri biyu, da lissafin bas ɗaya

Abin da Alhaji ya faɗa shi ne abin da ake koya mana a aji da dogon Turanci. Kowane kasafin kuɗi, na gwamnati ko na shago, yana da kashi biyu. Akwai kuɗin manyan ayyuka, wanda ake kashewa sau ɗaya a mallaki kadara: gini, titi, mota. Akwai kuma kuɗin yau da kullum, wanda ba ya yankewa muddin ana so kadarar ta ci gaba da aiki: mai, albashi, gyara. Na farko shi ne doki, na biyu harawa.

Mu hau allo. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, na zaɓe su don sauƙin lissafi, kowa yana iya sa farashin kasuwar yau ya sake bugawa.

Mu ɗauka bas ce mai kujera 30, hanyarta kilomita 12, tana sawu 10 a rana. Kilomita 120 ke nan. Idan lita ɗaya ta dizal tana kai ta kilomita 6, za ta sha lita 20. A kan N1,000 kowace lita, N20,000. Direba da kwandasta, mu ce N8,000 a rana. Baƙin mai da taya da birki da makanike, idan aka raba su a kwanaki, mu ce N7,000. Jimla N35,000.

Saura abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa, wato kuɗin tsufan kadara. Mota tana tsufa ko an so ko ba a so ba, kuma dole a riƙa ajiye abin da za a sayi madadinta. Idan an saye ta naira miliyan 60, za ta yi shekara 8, tana aiki kwana 300 a shekara, kwana 2,400 ke nan. Raba miliyan 60 gida 2,400, ka samu N25,000 a rana. Haɗa da N35,000 ɗin can, ainihin abin da bas ɗin ke ci a rana N60,000 ne.

To nawa take shigowa da shi? Da safe da yamma tana cika, da tsakar rana rabi, mu ce fasinja 20 a kowane sawu. Mutum 200 a rana. Ke nan kowane fasinja N300 ake kashewa a kansa. Idan aka ce talaka ya biya N150, abin da zai shigo N30,000 ne, giɓin N30,000 a kullum. A shekara naira miliyan 9 a bas ɗaya. Bas 100, miliyan 900, kowace shekara.

Ku sake duba wani abu. N30,000 ɗin da ta shigo ba ta ma kai N35,000 na mai da albashi da gyara ba. Mai ba a iya cin bashinsa, direba ba zai yi azumi ba. To daga ina za a rage? Daga gyara. A ɗaga juye, a lallaɓa taya, a ciro kayan wata mota a sa wa wata. Abin da ya kashe tamu ke nan, ba sata ba, ba mugunta ba.

Yanzu mu gwada gayya a kan wannan giɓi. Unguwa mai gida 300, kowane gida ya ba da N1,000 duk wata ba fashi, kuma kun san da wuya a samu ba fashin. N300,000 a wata, miliyan 3.6 a shekara. Ko rabin giɓin bas ɗaya bai kai ba. Ga shi kuma bas ba ta tsayawa a unguwa ɗaya. Tana ratsa Kurna da Fagge da Bata, tana ɗaukar wanda ba ka sani ba, wanda kunyarka ba za ta kama shi ya biya karo-karo ba. Aikin da ya ratsa unguwanni, kuma ba ya ƙarewa, haraji aka ƙirƙiro dominsa.

Darasi na 3: Tarihin sayen doki

Ƙasar nan ta daɗe tana sayen motoci duk lokacin da rayuwa ta yi tsada. A 1988, zamanin Janar Babangida, gwamnatin tarayya ta kafa shirin sufurin jama'a na birane don rage raɗaɗin matsin tattalin arzikin lokacin. A wannan zamani ne kamfanonin jihohi irin su Borno Express da Benue Links suka taso. Ku lura, yawancin kamfanonin jihohi da suka yi tsawon rai an fi sanin su da jigila daga gari zuwa gari, inda fasinja ke biyan cikakken kuɗi. Zirga-zirgar cikin gari mai rahusa ita ce ke da giɓi, ita ce kuma ake fara saki.

A Janairun 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi lita ta tashi daga N65 zuwa N141, aka yi zanga-zanga, aka dawo da ita N97, gwamnati kuma ta ƙaddamar da bas 1,600. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500, a Oktoban 2024 ta haura N1,000. A Agustan 2023 aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha don rage raɗaɗi, wani kaso kyauta wani bashi. A Disamban shekarar aka ƙaddamar da motoci 107 masu aiki da iskar gas da lantarki a Maiduguri, a kan farashi mai rangwame. A 2025 Kaduna ta fito da bas 100 masu iskar gas ta CNG, aka fara da ɗaukar mutane kyauta na wata shida.

A nan Kano labarin ya ɗan bambanta. A Daidaita Sahu asalinsa sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, sai babura masu ƙafa uku da aka kawo a lokacin, musamman don ɗaukar mata, suka gaji sunan. A Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni saboda matsalar tsaro, daga nan kusan duk nauyin zirga-zirgar miliyoyin mutane ya koma kan a daidaita sahu na 'yan kasuwa. Wanda ya ga yajin aikinsu na Fabrairun 2021 da na Janairun 2022, kan harajin kullum da kuɗin rajista, ya ga yadda tituna suka cika da masu tafiya a ƙasa, tsoho da mai ciki da ɗan makaranta. A ƙarshen 2022 kuma gwamnatin Ganduje ta fito da bas 100 da tasi 50 da sunan Kanawa.

Ban kawo waɗannan don yabo ko zagin wata jam'iyya ba. Kowace mota da aka saya ta sauƙaƙa wa wani. Abin da nake so ku riƙe shi ne tambayar da ya kamata a yi ranar yanke ƙyalle: nawa aka ware na mai da gyara da albashi, na shekara nawa, a wane layi na kasafi? Doki yana da daɗin ɗauka a hoto, harawa kuwa ba mai kiran 'yan jarida dominta. Shi ya sa ɗan siyasa, ko na wace jam'iyya ne, ya fi son na farko.

Kuma kada mu ɗora wa mai a daidaita sahu laifi. Yawancinsu ba nasu ba ne, sai sun cire balas na mai babur, sun sha mai, sun biya haraji, sannan su kai cefane gida. Shi ba wanda ke cike masa giɓi, dole ya caje ka cikakken kuɗi.

Darasi na 4: Haƙƙin wa, kuma ina kuɗin?

Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ciki har da tashoshin mota da kasuwanni da titunan unguwa da fitilun kan titi da magudanan ruwa da kwashe shara. Ku sake karanta jerin nan. Rabin abin da muke yi da gayya yana ciki. Manyan titunan birni da tsarin bas da ya ratsa ƙananan hukumomi da yawa kuwa, wannan ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya, aikin jiha ne.

Kuɗin jiha daga manyan hanyoyi biyu yake zuwa: kason wata-wata daga asusun tarayya, da harajin cikin gida. A tsarin rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kafin cire tallafi abin da ake rabawa a wata bai kai naira tiriliyan 1 ba, a 2025 kuwa akwai watan da ya haura tiriliyan 2. Adalci ne a faɗi cewa darajar naira ta faɗi a tsakanin nan, don haka ƙarin bai kai yadda yake a takarda ba. Duk da haka wani ɓangare na wannan ƙari daga aljihun wanda ke sayen mai da tsada ya fito, da wanda ke biyan kuɗin mota ninki biyu ko uku. Idan muka ce a dawo mana da wani abu ta hanyar sufuri, ba bara muke yi ba. Sannan ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka tambayar kwata da fitila tana da wanda za a yi wa ita.

Wani zai ce, to me ya sa mai motar kansa zai biya harajin da za a tallafa wa bas da ba ya hawa? Amsar tana kan titi. Mutum 30 a bas ɗaya suna cin wurin da bai wuce na a daidaita sahu uku ko huɗu ba, amma idan aka raba su uku-uku, babura 10 ke nan. Cunkoso ya ragu, hayaƙi ya ragu, yaron shagonsa ya iso kan lokaci, malamar asibitin da za ta duba matarsa ma haka. Yana amfana ko bai taɓa taka ƙofar bas ɗin ba.

Darasi na 5: Yadda wasu suke samo harawa

Kusan duk inda ka ga sufurin birni mai arha kuma mai ɗorewa, ka bincika za ka tarar akwai wata kafa tabbatacciya da ke cike giɓi. A Faransa, tun 1971 aka fara karɓar wani haraji na musamman daga masu ɗaukar ma'aikata a yankin Paris, daga baya ya bazu zuwa sauran birane. Duk kamfanin da ke da ma'aikata 11 zuwa sama a irin waɗannan birane yana biyan wani kaso bisa albashin da yake bayarwa, kuɗin kuma na sufuri ne kaɗai. Hujjarsu mai sauƙi ce: bas da jirgi su ke kawo maka ma'aikata, ka sa hannu a ciyar da su.

A birnin Kuritiba na Brazil, tun 1974 aka ware wa bas layinta a titi. Tsarin da ya fito da sunan birnin shi ne hukuma ta tsara hanyoyi ta tattara kuɗin shiga, ta biya kamfanoni gwargwadon kilomitan da motocinsu suka yi. Direban da ake biya haka ba shi da dalilin tsayawa jiran sai mota ta cika, ko tsere da ɗan'uwansa a kan fasinja.

A gida ma akwai misali. Legas ta kafa hukumar LAMATA mai tsara sufuri, ta fara bas mai layinta daga Mile 12 zuwa CMS a Maris 2008, daga baya ta kawo katin biya na Cowry. Da tallafi ya tafi, a Agustan 2023 ta rage rabin kuɗin shiga motocinta na wani lokaci. Ta iya yin hakan ne don akwai tsari a ƙasa, an san yawan fasinja, an san giɓin da za a cike. Tsarin Legas yana da nasa matsalolin, amma darasin a fili yake: kafa ta musamman ta kuɗi, hukuma mai tsarawa, da lissafin da ake iya dubawa.

Darasi na 6: Inda gayya da gwamnati suke haɗuwa

Kada wani ya fahimci cewa na ce a daina gayya. Idan muka jira a zo a yashe mana kwata, ruwa ɗakunanmu zai shiga, ba ofis ba. Amma gayya tana da haɗari ɗaya da ba mu cika faɗa ba. Idan kullum mu ke gyara abin da aka ware wa kuɗi, mun biya sau biyu ke nan, da haraji da karo-karo, kuma wanda ya kamata a tambaya ya samu hutu. Sannan unguwar da ke da Alhazai za ta gyaru, wadda ba ta da su ta zauna haka.

An taɓa gwada haɗa su biyun. A shirin CSDP da aka fara a 2009 da tallafin Bankin Duniya, al'umma ce ke zaɓar aikin da take so, aji ko rijiyar burtsatse ko ɗakin shan magani, ta kawo kashi 10, shirin ya kawo sauran, kwamitin gari ya sa ido. A Kaduna an yi tsarin da unguwanni ke rubuta buƙatunsu bisa fifiko don a sa a kasafi, da manhajar Eyes and Ears ta bibiyar ayyuka.

A harkar sufuri, rabon aikin kamar haka yake a ganina. Jiha ta ɗauki manyan hanyoyi, ta sa giɓin a kasafi kowace shekara. A daidaita sahu su riƙa kwaso mutane daga lunguna zuwa bakin babban titi, kada a zo da tsarin da zai raba dubban matasa da abincinsu dare ɗaya. Unguwa kuma ta yi abin da ta ƙware a kai: rumfar jiran mota, tsaron tasha, hana ɓarna, da faɗin gaskiyar inda mutane ke zuwa da lokacin da suke fita. Masu hali da ke son lada mai gudana su duba wakafi, a ba da shago ko gida da hayarsa za ta riƙa shigowa duk wata. Wannan harawa ce, ta fi a sayi mota a miƙa makulli a tafi.

Aikin gida

Darasi ba ya cika sai da aiki. Ga guda huɗu, ina miƙa su ga shugabannin ƙungiyarmu da duk mai sha'awa.

Na farko, mu ƙirga kanmu. Kowane wakilin aji ya zagaya da takarda mai tambaya huɗu: daga wace unguwa kake zuwa, hawa nawa, nawa kake kashewa a rana, lakca nawa ka rasa a wata saboda kuɗin mota. 'Yan Kididdiga su tattara, 'yan Tsara Birane su zana taswira. Wanda ya je ofis da kuka za a ba shi haƙuri, wanda ya je da alƙaluma dole a ba shi amsa.

Na biyu, mu karanta kasafi. Jihohi suna wallafa kasafinsu da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku a intanet. A nemo shafin ma'aikatar sufuri, a duba abu uku: nawa aka ware na saye, nawa na gudanarwa, nawa aka saki a zahiri. Mu 'yan Akanta wannan furojet ne a kyauta.

Na uku, mu je inda ake magana. Gwamna yana gabatar da kasafi ga majalisar dokoki a ƙarshen shekara, ana kuma zaman jin ra'ayin jama'a. Ƙungiya ta rubuta takarda shafi biyu ta kai. Idan ana buƙatar bayani, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar dokar ta shafi jihohi. A yi komai cikin ladabi, a rubuce, a riƙe kwafi.

Na huɗu, kafin duk wannan ya yi 'ya'ya, mu yi gayyar da ta dace da ƙarfinmu. 'Yan unguwa ɗaya su haɗu uku-uku su yi yarjejeniyar wata da mai a daidaita sahu ɗaya, shi ya samu ciniki tabbatacce, ku ku samu ragi. Mai babur ya ɗauko maƙwabcinsa a haɗa kuɗin mai. Wakilan aji su roƙi a duba jadawali, a rage ranakun da ɗalibi zai kashe N1,000 don lakcar awa ɗaya. Abokin nan nawa da na ba ku labari, haka muka yi masa, yanzu su uku suke zuwa tare, wannan simestar sau biyu kawai ya yi fashi.

Ga tambaya ɗaya ta gwaji, ku buga kafin fitowa ta gaba: a misalinmu na allo, idan aka mayar da bas ɗin mai iskar gas kuɗin mai ya ragu da rabi, nawa giɓin zai koma a rana, kuma ya ɓace ko yana nan? Wanda ya samu amsa ya ajiye a ofishin ƙungiya.

Mu 'yan ajin ƙarshe saura mana 'yan watanni, wataƙila ba za mu hau bas ɗin da muke magana a kai ba. Ƙannenmu na ajin farko su za su hau, idan an fara ƙirgar yanzu. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu fita lafiya. Wassalam.